Kaji Ba Sa Yajin Aiki

Ranar Laraba da yamma malaman firamare suka shiga yajin aiki. Ranar Alhamis da safe motar ƙwai ba ta zo ba.

Mai Kaji ta riga ta fito da kiret hamsin na ƙwai ta jera a baranda tun ƙarfe bakwai, kamar yadda ta saba. Ta jira har rana ta kai kan kiret ɗin gaba, ta janye su zuwa inuwa, ta ƙara jira. Wajen sha ɗaya ta kira direban motar. Ya ce mata shi ma yana gida, an ce su ajiye mota sai an neme su.

Shekara biyu ke nan tana sayar wa gwamnati ƙwai. Akwai ofishin da ke ciyar da 'yan firamare, kowane yaro dafaffen ƙwai ɗaya sau biyu a mako, kuma ofishin daga hannun masu kiwo na kusa yake saye. Nata kason kiret hamsin ne ranar Litinin, hamsin ranar Alhamis. Kajinta ɗari shida ne, a wani dogon ɗaki na waya da kwano a bayan gida, suna ba ta kiret goma sha shida a rana in ba a yi zafi sosai ba. Ɗan abin da ya rage bayan na gwamnati, shaguna biyu na bakin titi ke ɗauka.

Mijinta tsohon direban motar asibiti ne da ya yi ritaya. Unguwa na kiransa Direba, shi kuma yana kiran matarsa Manaja tun ranar da ta sa hannu a takardar kwangilar. Shi ne ma ya kawo mata fom ɗin a lokacin, ya tsaya a kanta har ta cika, kuma shi ya ba ta shawarar ta ƙara kaji daga ɗari biyu zuwa ɗari shida. Ran nan ya fito ya tsaya a baranda da rediyonsa a hannu, ya dubi jerin ƙwan, ya dubi bayan gida inda kaji ke ta kuka.

"Malamai sun ajiye alli, Manaja, amma kajinki ba sa cikin ƙungiya. Gobe ma za su fito aiki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya taya ta mayar da su ciki.

Lokacin hutun makaranta ba ya damunta, don ta san ranar da za a rufe da ranar da za a buɗe, takan shirya da wani mai sari daga wani gari tun da sauran mako uku. Ta kira shi. Ya ce kafin ita mutum huɗu sun kira shi, motarsa kuma ɗaya ce. Ranar Asabar ita da Direba suka ɗauki motar haya suka kai kiret talatin kasuwa, suka tarar duk masu kai wa gwamnati ƙwai, su goma sha uku, suna can, kowa da nasa tulin. Farashi ya faɗi ƙasa warwas. Masu saye suna ɗaukar ƙwai su girgiza a kunne su ajiye, suna tambayar na yau ne ko na jiya, don ba mai sayen na jiya alhali na yau na nan a gabansa. Suka sayar da goma sha ɗaya, suka dawo da sha tara.

A hanyar dawowa ta sa aka tsaya a gidan burodi. Kafin kwangilar, mai gidan burodin shi ne babban mai sayen ƙwanta, shekara shida, sai ta bar shi da sanarwar mako ɗaya. Ya karɓe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata kujera, ya tambayi gida da yara. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya ce ai shi ya ji ta zama ta gwamnati, bai san gwamnati na sakin nata ba. Ya ce yanzu yana da wanda ke kawo masa, mutumin da bai taɓa saɓa masa ba, ba zai kore shi don yajin aikin malamai ba. Ya ɗauki kiret uku saboda tsohon zumunci.

Ranar Litinin ta tafi ofishin. Yana hawa na biyu, ƙarshen wani dogon lungu da aka jera buhunan wake na gwaji a gefensa. Jami'ar da ke kula da sayen kaya mace ce da ba ta wuce arba'in ba, masu kiwo na kiranta Mai Jan Biro, don da jan biro take rubuta komai, har gaisuwar da take sa wa a ƙasan takarda. Ba ta da faɗa, ba ta kuma da wasa. Ta saurari Mai Kaji har ta gama, sannan ta jawo fayil ta nuna mata layin da ya ce ƙwan na ɗalibai ne da ke cikin aji, kuma ba a karɓa sai shugaban makaranta ya sa hannu cewa ya shigo. Makarantu a kulle suke, shugabannin kuma suna cikin masu yajin.

Mai Kaji ta ce to yaran da ke zaune a gida fa, cikinsu ma ya tafi yajin aiki ne. Jami'ar ta ce ita ma ta yi wannan tambayar a taro ranar Juma'a, ba wanda ya amsa mata. Ta juya biron, sannan ta ce akwai wani sashe a ma'aikatar da ke raba abinci a ƙananan asibitoci, ga mata masu juna biyu da yaran da ba su da nauyi. Suna ba da wake da mai da gari, kuma a takardarsu akwai gurbin ƙwai da ba su taɓa cikawa ba. Za ta rubuta a karkatar da ƙwan makarantu can. Amma sai daraktan wancan sashen ya sa hannu, sannan nata daraktan, sannan wanda ke samansu.

"Kwana nawa, ranki ya daɗe?"

"Mama, in na ce miki kwana kaza na yi ƙarya. Ki rubuta ranar da aka ɗebi kowane kiret. Kada ki haɗa na yau da na jiya."

Direba ya sayo katako ya kafa kantoci hawa biyu a bango uku na falo. Kujeru suka koma lungu, talabijin ya hau kan kwaba a ɗakin kwana. Kowace safiya da yamma Mai Kaji takan shiga ɗakin kaji ta tsinto ƙwai, ta goge masu kashi da busasshen tsumma, ta jera su ɓangare mai tsini a ƙasa, ta ware masu tsaga. Ƙwan kowace rana na da nasa wuri a kan kanta, ta rubuta kwanan watan da alli a bakin katakon. Tagogi a buɗe suke wuni, ta rataya jiƙaƙƙun zannuwa a jikinsu don iska ta shigo da sanyi. Mai shiga falon sai ya karkace kafaɗa ya bi ta tsakiya.

Suka ci ƙwai da safe, suka ci da rana, suka ci da yamma, dafaffe da soyayye da wanda aka kaɗa cikin miya. Ta aika wa 'ya'yanta biyu da ke aure a gari, ta raba wa maƙwabta. A kwana na takwas maƙwabciyarta ta katanga ta dawo mata da kwano ta ce don Allah a dakata haka, mijinta ya kusa fara cara da asuba.

A kwana na goma Yaya ta zo. Yayar Direba ce uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune ita kaɗai a wancan gefen gari. Ita ta raini Direba, kuma har yanzu, bayan shekara talatin da aure, matarmu take kiran Mai Kaji. Ta tsaya a ƙofar falo ta daɗe tana kallo, ta ce ita ta zo kwana biyu ne amma ta ga aikin ya fi kwana biyu. Ta ajiye jakarta.

Shawarar Yaya ita ce a rage wa kajin abinci, a daina kunna musu fitila da yamma, su daina zuba ƙwai, tunda ba wanda ya aike su. Mai Kaji ta san wannan dabara, ta kuma san abin da ke bayanta. Kazar da aka tsayar ta wannan hanya sai ta zubar da gashi, ta yi mako shida ko bakwai kafin ta dawo. In aka janye yajin aikin gobe, motar ta zo ranar Litinin ta tarar ba komai, kasonta zai koma hannun wani, kuma kason da ya fita ba ya dawowa. Rediyon Direba kullum cewa yake ana tattaunawa, ana sa ran cimma matsaya gobe. Saboda haka ta ci gaba da zuba musu abinci cikakke, buhu ɗaya da rabi a rana, su kuma suka ci gaba da zuba mata ƙwai. Yaya ta ce ita ba ta taɓa ganin inda mutum ke ciyar da abin da ke neman kore shi daga ɗakinsa ba.

Abin da ake iya sayarwa sabon ne, don haka tsohon shi ke zama. Kantar da ke bangon hagu ta ƙasa ta cika da na farkon yajin, aka ci gaba zuwa dama.

A kwana na goma sha tara, bayan la'asar, Mai Jan Biro ta kira. An sa hannu. An ba Mai Kaji kason kiret ɗari biyu, za su zo gobe ƙarfe goma. Sharaɗi ɗaya ne, ba za a ɗauki ƙwan da ya wuce mako biyu ba.

Mai Kaji ta shiga falo ta bi kantocin da yatsa. Waɗanda ba su wuce mako biyu ba kiret ɗari da hamsin ne. Sauran, kusan tamanin, sun wuce. Wasu da kwana ɗaya kawai suka wuce, wasu da biyu, wasu da uku. Ta fasa ɗaya daga na kwana goma sha shida a faranti. Gwaiduwar ta tsaya, ta ɗan baje kaɗan, ba wari.

Yaya ce ta faɗi abin da ke ran kowa. Ta ce ƙwai ba ya ɗauke da takardar haihuwa, alli ne kawai ke tona masa asiri, alli kuma ruwa ke cin sa. Direba ya ce shi ba ruwansa, ya ɗauki rediyonsa ya fita baranda. Mai Kaji ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta tafi ba kaji ruwa.

Da safe, bayan ta tsinto ƙwan farko, ta jiƙa tsumma ta miƙa wa Yaya. Ta ce wurare uku ne za a goge, a kantar ƙasa ta bangon tsakiya, na kwana goma sha biyar da sha shida da sha bakwai, ta nuna mata da hannu daga ƙofa. Sannan ta koma bayan gida don injin ruwan kaji ya toshe. Da ta dawo ta tarar Yaya ta goge bakin katakon gaba ɗaya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, tas, wurare shida. Uku daga ciki na kwana goma sha biyu zuwa sha huɗu ne, waɗanda ba su da laifin komai.

Mai Kaji ta ɗauko alli ta durƙusa gaban kantar. Ukun marasa laifi ta san kwanakinsu, ba wuya ta mayar. Amma katakon da sauran danshi, alli ba ya kamawa, kuma da ta kai hannu wajen na goma sha bakwai sai ta ga ba ta san wace rana za ta ba shi ba. Duk ranar da ta zaɓa akwai masu ita a wata kantar. Tana nan durƙushe da allin a hannu, tana jiran katako ya bushe, aka yi hon a ƙofar gida. Ƙarfe tara saura kwata. Gidanta suka sa a farko don ya fi kusa da ofis.

Mai Jan Biro ta shigo da mai duba lafiyar abinci da masu lodi biyu. Ta gaida Yaya, ta gaida Direba, ta bi kantocin tana karanta kwanakin tana rubutawa. Mai dubawar yana zaro ƙwai ɗaya ɗaya daga kowane wuri yana haska shi da tocila. Da jami'ar ta iso kantar tsakiya ta tsaya. Ta sa yatsa ta taɓa katakon, ta dubi yatsan, ta wuce zuwa na gaba.

Da ta gama ta ce za su ɗauki ɗari da goma. Na bangon hagu sun tsufa, na tsakiya kuma ba su da kwanan wata, ba za ta iya ɗaukar abin da ba ta san ranarsa ba. Yaya ta fara bayani cewa zanen da aka jiƙa ne iska ta kaɗa ya shafi katakon. Mai Kaji ta katse ta.

"Ni na sa aka goge, ranki ya daɗe. Uku sun wuce, uku ba su wuce ba. Waɗannan na dama ba su wuce ba."

"Na yarda da ke, Mama. Amma masu ciki ne za su ci, da yaran da in suka yi gudawa kwana biyu sai a kwantar da su. In an tambaye ni ranar ƙwan nan, ban da abin da zan nuna."

Masu lodi suka fara fitar da kiret. Direba ya taya su, yana nuna musu yadda za su sa kwali tsakanin jeri saboda ramukan hanyar asibitoci, wadda ya yi shekara ashirin da shida yana bi. Jami'ar ta cika takardar karɓa a kan gwiwarta. A gurbin bayani ta rubuta cewa mai kaya ba ta da isasshen ƙwan da bai wuce mako biyu ba, ba ta ƙara komai a kai ba. Ta miƙa wa Mai Kaji ta sa hannu. Sauran casa'in ɗin aka ɗauka a gidan wani mai kiwo da ke gaba.

Bayan tafiyarsu Yaya ta shiga ɗaki ta haɗa jakarta. Direba ya ce ta bari a ci abincin rana, ta ce ta bar gida ba kowa kwana goma. Ya raka ta bakin titi ya sa ta a mota.

Ranar suka wuni da bokiti uku na ruwa a tsakar gida. Ƙwan da ya kwanta a ƙasa ya koma kiret, wanda ya miƙe tsaye aka ware na ci a gida, wanda ya taso sama aka jefa a baho. Direba ya haƙa rami a ƙarshen fili, suka juye bahon sau huɗu, suka zuba toka suka rufe. Masu kyan mai gidan burodi ya kwashe su a rabin farashi, ya ce taimako ne yake yi, kuma ya maimaita hakan sau uku kafin a gama lodi.

Kwana biyu bayan nan ta kira masu sayen kaji na yanka ta sayar musu ɗari biyu, waɗanda suka fi tsufa. Ta tsaya a ƙofar ɗakin kajin ana ɗaure su biyar biyar. Direba ya ce ko ta ƙara haƙuri mako ɗaya, rediyo ya ce an kusa. Ta ce rediyon nan tun yaushe yake cewa an kusa. Ya ce shi dai ya ga ta saba da su ne. Ta ce sabo da kaza ba ya hana yanka.

Ranar Juma'ar makon aka janye yajin aikin. Litinin motar ta zo ta ɗauki hamsin, Alhamis ta ɗauki hamsin, daga abin da ya taru. Mako na biyu kaji ɗari huɗu suka kasa cika ɗari. Mai Kaji ba ta jira a kira ta ba, ta hau hawa na biyu da kanta ta ce a rage mata kaso zuwa talatin talatin. Jami'ar ta ce kajin da suka rage za su iya ba da fiye da haka, kuma abin da aka cire ba lalle ya dawo ba. Mai Kaji ta ce ta sani, ragowar tana da inda za ta kai. Ba wadda ta ɗauko zancen katako a cikinsu. Daga lokacin, mai gidan burodi na karɓar kiret goma a mako, shagunan bakin titi na raba sauran.

Yaya ba ta sake zuwa ba, ba ta kuma kira ba. In Direba ya kira ta sai ta ce lafiya lau, ayyuka ne. Da aka yi mako shida, Mai Kaji ta shirya ranar Talata ta tafi da kanta. Ta same ta zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a tire, ta kawo tiren kusa da fuskarta sosai. Suka gaisa, suka yi zancen zafi da tsadar mota. Yaya ce ta fara. Ta ce ta san an yi asarar kiret arba'in saboda ita. Mai Kaji ta ce tsumman ai ita ta jiƙa shi, ita ta miƙa, in akwai mai laifi ba sai an je nesa ba.

Yaya ta ajiye tiren.

"Matarmu, ni fa ban ga lambobin nan ba. Fari fari kawai na gani a jikin katako, na ce gara in share duka kada in bar wanda kike nufi. Shekara guda ke nan idon nan kamar an sa masa labule. Ban faɗa wa ƙanena ba."

Mai Kaji ta jawo tiren ta ci gaba da tsintar. Akwai tsakuwa da yawa a ɓangaren da Yaya ta riga ta ware a matsayin tsintacce. Ta tambaye ta ido ɗaya ne ko biyun, Yaya ta ce na dama ya fi.

Direba ya san mutane a asibitin ido tun zamanin aikinsa. Ya kai ta aka duba, aka ce yanar ido ce, ta nuna a na dama, na hagu da saura. Aka ba su rana bayan mako uku. Aka yi aikin da safe aka sallame ta da yamma, da auduga a ido da kwalaben magani biyu na ɗigawa. Likita ya ce kada ta sunkuya, kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada hayaƙi ya taɓa ta har wata guda, don haka gidan ƙanenta aka wuce da ita. Mai Kaji ce ke ɗiga mata maganin sau huɗu a rana, tsakanin tsintar ƙwan safe da ta yamma. Na hagun an ce su dawo bayan wata shida.